Inna da Tafiyar Anti a Kogi

Shekarar da na haifi 'yata ta uku, Inna ta zo mini wankan jego har Kuala Lumpur, ta zauna wata uku. A unguwar Sentul muke, hawa na goma sha ɗaya, ɗaki biyu da falo. Maigidana yana shekarar ƙarshe ta digirinsa na uku, idan ya fita da safe sai magariba, ya dawo idanu jawur. Manyan yaran biyu suna faɗa da Turanci, jaririya tana kuka, Inna tana mitar ruwan famfo ba ya zafin da ake so. Ganyen darbejiya ma sai a shagon wani Ba'indiye aka samo mata.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce 'yar asalin Sin, malamar makaranta da ta yi ritaya. Mijinta ya rasu shekara biyu kafin nan. Anti muke ce mata. Bayan na yi arba'in da 'yan kwanaki ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, ta ce za ta yi tafiya, in riƙa zuba wa furanninta ruwa. Ɗanta ne ya shirya mata yawon kwana takwas a jirgin ruwa, a kogin Mekong. Ta miƙo mini takardar tafiyar mai sheƙi: jirgi fari kamar otal, gadaje da zannuwa farare, da hotunan ɗakunan ibadar addinin Buddha masu rufin zinariya.

Inna ta karɓe takardar daga hannuna. 'Yar Yauri ce, a bakin Kwara aka haife ta, kuma babanta da kwale-kwale yake kai albasa kasuwa. Ta ce in karanta mata.

Na karanta ina jijjiga jaririya. Rana ta farko liyafar maraba. Rana ta biyu ziyarar ɗakin ibada a kan tudu. Rana ta uku za a tsaya a wani ƙauye, baƙi su kalli yadda mata suke saƙa tabarma da shanya kifi.

"Su saya dai," in ji Inna.

"Su kalla, Inna. Haka aka rubuta."

"To matan, an gaya musu za a zo kallonsu?"

Ban fassara wa Anti wannan ba. Ita kuma ta nuna hoton ɗakin ibadar da yatsa, ta ce mijinta ya yi shekaru yana cewa zai kai ta, ciwo ya riga shi. Za ta kunna masa turaren tsinke a duk inda jirgin ya tsaya. Na gaya wa Inna. Babanmu shekara huɗu ke nan da rasuwa a lokacin. Sai ta ce, "Ki ce mata Allah ya kai ta lafiya."

Anti ta bar mana takardar. Tun daga ranar, kowace safiya Inna sai ta tambaya, "Yau suna ina?" Sai na ajiye abin da nake yi, na duba, na ce yau suna kasuwar kan ruwa, ko yau suna ƙauyen maƙeran azurfa. Ta tambayi ko ruwan yana da zurfi, ko akwai dorina, ko wane kifi suke kamawa. Ban san ko ɗaya ba. A rana ta biyar shinkafa ta kama, babbar 'yata ta zubar da madara a kan kayan makarantarta, Inna ta zo da takardar. Na ce, "Inna, don Allah ki ƙyale ni da jirgin nan!"

Ta ninke takardar ta sa ƙarƙashin filo. Yini guda ba ta ƙara ce mini komai ba sai abin da ya zama dole.

Washegari na ce ta shirya, zan kai ta ta ga kogi. Na goya jaririya, muka hau jirgin ƙasa zuwa Masjid Jamek, inda koguna biyu suka haɗu a gaban masallacin. Zafi ya yi yawa. Inna ta dafa ƙarfen gada ta leƙa ruwan, launin ƙasa, an yi masa bango da siminti hagu da dama.

"Wannan ai lambatu ne," ta ce.

Amma ba ta matsa ba. Ta gaya mini rabonta da shiga kwale-kwale tun ranar da aka kai ta gidan babanmu a Kaduna. Ta ce kullum yana cewa za su je su yi sati a gida Yauri, daga baya kuma aka yi titi, mota ta riƙa kai su har ƙofar gida su kwana ɗaya su juyo. Ban taɓa jin wannan ba. Sai jaririya ta farka. Muka yi tapau, wato muka sayi ƙunshin shinkafa da kaza, a titin Jalan Masjid India muka koma.

Anti ta dawo tana dogara sanda. Da muka shiga gaishe ta, tana zaune ta miƙe ƙafa a kan kujera, gwiwar dama ta kumbura. Ta ce ɗakin ibada biyu kawai ta iya hawa, sauran matakalarsu sun fi ƙarfinta, sai ta riƙa ba wata mata turaren ta kunna mata. Ƙauyukan kuwa yawanci ta bayan gilashi ta gan su, tana cikin sanyin na'ura, ana ta kawo mata abincin da ba ta iya ci. "Na gaji, lah," ta ce, yadda mutanen garin suke ƙare magana. "Kowa a jirgin da mijinsa ko matarsa."

Na fara fassarawa, Inna ta ɗaga mini hannu. Ta tsallaka gidanmu ta dawo da gwangwanin man kaɗanyar da ta kawo don jaririya, ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafar Anti a cinyarta ta shiga murzawa. Anti tana magana da Turanci, Inna tana amsawa da Hausa, babu wadda ta waiwayo ni. Na jingina da kujera na ce bari in ɗan rufe ido. Sai da aka kira la'asar na farka, jaririya tana hannun Anti.

Bayan sati uku Inna ta koma gida. Da shekara ta zagayo ɗan Anti ya zo ya tafi da ita Penang, don ƙafar ta ƙi warkewa. Ranar da suka kwashe kaya na kai babbar 'yata asibiti, ban samu mun yi sallama ba.