Jarin Nyathi a Kabad

Shekara talatin Mqabuko Nyathi ya yi yana gyaran jiragen ƙasa a Bulawayo. Da ya yi ritaya sai ya koma tara ƙananan jiragen ƙasa na wasa, ya cika kabad ɗin falo da su, har kofunan shayin matarsa MaMoyo suka rasa wurin zama.

"Jari ne," yake ce mata kullum. "Kuɗin ƙasar nan narkewa suke yi, ƙarfe kuwa yana nan daram."

"To mai jari, wanne zan dafa maka ka ci da tuwon sadza?"

Ran nan wani dillali ya zo daga Johannesburg, ya taya jiragen da dalar da za ta isa a sake rufin gidan. Nyathi ya zaunar da shi kamar mai neman auren 'yarsa, ya shiga jero masa tambayoyi. Ina zai ajiye su? Ɗakin yana da danshi? Wa zai riƙa goge su ranar Asabar?

"Baba, ni sayar da su zan yi," in ji dillalin.

Nyathi ya nuna masa ƙofa, ya dawo yana huci. "Kin ji ɗan banza? Kuɗi kawai ya sani!"

MaMoyo ta tara bokiti inda rufin yake yoyo, ta ce, "Allah ya ƙara wa jari albarka."