Daga Salaga Zuwa Bawku Kan Maganar Ɗorawar Gidanmu

'Yan'uwana mata na zumuntar cocinmu, kun dame ni da tambayar abin da ya kai ni Bawku har na bar rumfar doyata kwana biyar. Na kasa faɗa da baki, shi ya sa na rubuta.

Litinin: Salaga zuwa Yendi

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba maigidana ya sauke ni a tasha. Abin da ya tayar da ni waya ce daga Lamisi, matar yayana Abugri. Ta ce, da irin Hausarta ta Bawku, "Asibi, ka zo maza. Yayanka ya shiga sabon coci, ya ce Allah zai ƙone duniya duka ya kawo sabo. Ya kira masu injin yanka itace, ran Laraba za su sare ɗorawa."

Ɗorawar nan tana ƙofar gidanmu tun kafin a haife ni, kuma da kalwarta mahaifiyarmu, Mma, ta yi daddawar da ta ciyar da mu. A wajenmu ba a sare ɗorawa, ko reshe mutum ya karya sai dattawa sun tambaye shi dalili. Shekara biyu rabona da gida. Ko jana'izar Danladi, ɗan Abugri da harsashi ya samu lokacin rikicin Bawku, ban je ba saboda hanya a rufe take.

Mota ta cika shida saura kwata. Mun isa Bimbila ƙarfe tara, na sha koko da ƙosai na sidi biyar a tsaye. Sha biyu da rabi muna Yendi. Direban motar Gushegu ya ce, "Maame, yau babu fasinja, sai gobe." Na wuce gidan Baba Iliya, tsohon mai wa'azin da ya ɗaura mana aure.

Ina gama ba shi labari ya kira matarsa, Mama Saratu, ashe na taɓo tsohuwar gardamarsu. Ita ta ce annabci a fili yake: za a yi sabuwar sama da sabuwar duniya, wannan kuwa wuta za ta cinye ta, ba za a ƙara tuna da ita ba. Shi ya ce ba haka ba ne, wannan ɗin dai za a wanke a gyara, kamar yadda ruwan Nuhu ya wanke ta bai kawar da ita ba.

"Shekara arba'in ina gaya mata," in ji shi.

"Shekara arba'in kana kuskure," in ji ta, tana zuba masa miyar ayoyo.

Da la'asar ya sa na rubuta ayoyi a takarda, ya ce, "'Yata, ga wadda ba ya iya musawa. Da Almasihu ya tashi, da jikinsa na dā ya tashi, har da tabon ƙusa a hannu. Allah ba ya zubar da abin da ya yi. Haka ƙasa za ta tashi da duk abin da ke kanta." Na ninke takardar na sa a jaka, ina ji a raina na riga na gama da Abugri.

Talata: Yendi zuwa Bawku

Mun tashi shida da kwata, Gushegu takwas da rabi. Can na sauya mota, na sayi wace a ganye, wato shinkafa da wake. A gangaren dutsen Nakpanduri na rufe ido har muka sauka, ba na jin kunyar faɗa. Daga Garu zuwa Bawku sau uku aka sauke mu a shingen sojoji, kowa da katin shaidarsa a hannu. Ba wanda ya ƙara yin hira a motar.

Huɗu da rabi na iso gida. Ɗorawa tana tsaye, na ce na gode Allah. Mma ta rame ƙwarai. Na lura tana fita ta ƙaramar ƙofar baya ko da rijiya za ta, na ɗauka rigimar tsufa ce.

Laraba: Bawku

Ƙarfe bakwai masu inji biyu suka iso da igiya. Na tare Abugri a gindin itacen, na zaro takardata. Na karanta masa aya bayan aya, da murya irin ta mai wa'azin kasuwa. Bai katse ni ba. Da na zo kan tabon ƙusa na ɗaga murya, na ce ƙasa ma haka za ta tashi, da komai nata.

Ya dube ni ya ce, "Da tabonta?"

Na ce, "Da tabonta, Yaya."

Ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan itacen. A jikin ɓawon, daidai ƙirjin mutum, akwai ramukan harsashi uku. Ya ce, "Nan Danladi yake zaune yana gyaran keke. An ce miki a hanyar gona ne don kada hankalinki ya tashi. Yanzu kin zo daga Salaga ki gaya mini har a sabuwar duniya zan fito ƙofa in ga wannan?"

Shekara biyu ina yi wa yaron nan addu'a ban san inda ya faɗi ba, ga shi na tsaya a wurin da takalmina ina wa ubansa wa'azi. Duk da haka taurin kaina bai bar ni ba. Na ce, "To Mma fa? Abincinta ne za ka sare."

Sai muryar Mma ta fito daga cikin gida, da Kusasanci, harshen gidanmu. Ta ce, "Ni na sa shi. Lamisi ba ta sani ba. Na roƙi dattawa sau uku kafin suka yarda. Cocinsa bai ce ya sare komai ba, ya dai samu inda ake gaya masa wurin nan zai shuɗe, yana samun barci. Ni ban san wanda ya yi daidai ba tsakaninku. In Allah zai ƙone ta, ya ƙone. In gyarawa zai yi, ya gyara ba da itacen nan ba. Ina so in fita ta ƙofar gidana kafin in mutu."

Mai inji ya ce igiya tana son mutum uku, kada itacen ya faɗa kan ɗaki, ga shi maƙwabta duk sun ƙi fitowa don ba sa so a ce da hannunsu. Tara da minti ashirin ɗorawar ta faɗi. Da azahar Mma ta fito ta ƙofar gaba, ta tsaya cikin rana ta daɗe.

Alhamis da Juma'a: komowa

Na biyo ta Zebilla da Bolga da Walewale, don ban shirya haɗuwa da Baba Iliya ba tukuna. Na kwana Tamale gidan wata abokiyar cinikina. Juma'a ƙarfe ɗaya na rana na sauka Salaga.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa mutanen Yendi da suka sauke ni, da ku da kuka duba mini rumfa. Gardamar sabuwar duniya kuwa kada ku tambaye ni, na bar wa masu ilimi. Da maigidana ya karɓi jakata a tasha ya ce, "Kin hana shi?" Na buɗe masa tafukan hannuna ya ga inda suka saɓule. Na ce masa ni ce ta ukun a kan igiya.