Dodon da Ya Gagari Don Nicanor

Don Nicanor direban bas ne a unguwarmu, ƙaton mutum da furfura da jikoki, amma wallahi tun yana saurayi yake fama da injin wasan bidiyon da ke shagon Doña Chayo mai sayar da tortiya, wato wainar masara. Wani ɗan soja ne a ciki kamar ƙwaro, yana gudu yana harbi, harsashi ɗaya ya taɓa shi sai a koma farko. Don Nicanor ya haddace kowane rami. Dodon ƙarshe ne kawai ya gagare shi.

Ana nan gilashin injin ya tsufa, jan launi ya mutu murus. To harsasan dodon jajaye ne, yanzu ko alamarsu ba a gani. Ga shi Doña Chayo ta sayar da injin, masu ɗauka sun iso da mota.

"Don Nica, saki abin nan ka je ka ɗebi fasinja," in ji ta. "Da yana da lafiya ma me ka tsinana?"

"Haba Chayito, sau ɗaya. So nake kawai in ga abin da ke bayan dodon nan."

Suka jira shi. Ya kai wurin dodon, yana zufa, yana kauce wa harsasan da ka. Sojan ya yi tsalle, ya sake tsalle, sai ya kife a fili.

Hannunsa na kan sandar sarrafa sojan aka zare wayar wuta. Ya tambaye su ina za su kai injin. Suka ce katakon jikinsa ake so, kejin kaji za a yi.