Baba Mani, Wanda Gangarsa Ta Ƙi Ƙwaya

Da damina, in ka biyo ta Pauwa da hantsi, za ka tarar da Baba Mani a gindin tsamiyar ƙofar gidansa ya jingine gangar noma tana shan rana, yana jan tsarkiyarta yana sauraro. Daga nan sai ya rataye ta, ya nufi duk gonar da ake gayya. Haka muka taso muka same shi. Bana hannu ya fara rawa, ya ce ya aje kiɗa, ni kuwa na ce wallahi ba zai aje shiru ba, sai na yabe shi a bainar jama'a.

Tun da kuɗin man fetur suka shigo, samarinmu suka watse birane leburanci, hannun huɗa ya yi ƙaranci. Sai ga wani mai babur yana bin gayya da 'yan ƙwayoyi a aljihu, wai maganin gajiya. Yaro ya haɗiya da kunu, ya wuni yana huɗa ba ci ba hutu, 'yan mata na guɗa, makaɗa na kirari. Mu manya muna gani muna jin daɗi, don aiki na tafiya. Har Almu na Mairuwa ya faɗi cikin kwarin kunya da garma a hannu, bai tashi ba, aka ce ajali ne aka wuce.

Baba Mani bai wuce ba. Shi da ke bin bayan manoma da ganga ya san lafiyayye da kiɗa yake tafiya, mai ƙwaya kuwa garmarsa tsere wa kiɗa take, yana cizon haƙora, fura ma ba ya kallo. Ya yi rantsuwa a kasuwar Ƙanƙara cewa duk gonar da ya ga haka, gangarsa ta yi shiru. Aka yi masa dariya.

Ranar gayyar Alhaji Lawwali a Ketare ina wurin. Wanda ya yi wa kowa fintinkau a huɗa Gide ne, ɗan Baba Mani na cikinsa, ɗa namiji tilo. Jama'a na jiran uba ya wasa ɗansa, sai muka ji ɗif. Tsohon ya sauke ganga ya kife ta a kan kunya.

"Gide, aje garmar nan," in ji shi. "Ni ba ni kiɗa ma ƙwaya, ko da ɗana ne ya sha ta."

Alhaji ya ba shi baki, ya ce a bari a gama. Ya ƙi. Gide ya jefar da garma don kunya, ya hau mota sai Kaduna ko sallama babu. Masu gona suka daina kiran Baba Mani, ban da wani manomi Ɗanhausa da danginsa na cikin ƙauyukan Sabuwa, waɗanda suka ce su ma sun binne nasu 'ya'yan saboda ƙwayar. Matar Baba Mani, Talatu, ta gaya mini ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai a daminar nan.

Amma sauran makaɗa suka fara jin nauyi, ɗaya bayan ɗaya suka bi shi, har na Faskari. To, wa zai kashe kansa a gonar da ba za a kira sunansa ba? Kasuwar mai babur ta mutu, dagatai suka haɗa kai suka miƙa shi ga 'yan sanda. Ban ce ƙwaya ta ƙare a ƙasar nan ba, amma ta bar gonakinmu.

Baba, kai ne ka yarda ɗanka ya ƙi ka, muddin zai rayu. Kai ne ka bi shi har tasha a Kaduna da aka ce an gan shi ya rame yana surutu shi kaɗai, ka kawo shi gida, ka yi jinyarsa ba gori. Garkuwar samari, mun gode. Iyayen da 'ya'yansu ke noma yau da hankalinsu sun gode, ko ba su faɗa ba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sa ka gama lafiya.

Mu kuma, kowa na da gangar da yake kaɗa wa wani: direba, mai shayi, malami, uwa. Mu duba wa muke zugawa.

Makon jiya Gide ya fita gayyarsa ta farko da gangar uban. Kafin ya taɓa ta, sai da ya bi samarin yana duba idon kowa. Tsohon na zaune a bakin gona, ya ce, "Kaɗa, ɗana, duk lafiyarsu lau."