Telan da Ya Koma Ɗinkin Baibai

Shagon Tela ɗan ƙarami ne, a ƙasan bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da bokitai. Keken ɗinki biyu ne a ciki, ɗaya na aiki, ɗaya ya zama wurin jibge ƙyallaye, sai teburin yanka da ya cinye rabin ɗakin. Duk layin an san shi da abu biyu. Na farko, in ya ce ka dawo jibi, to ka ba shi mako. Na biyu, in ya gama maka riga, ko ka juya cikinta waje ba za ka ga bakin zare ya leƙo ba. Na biyun ne ya sa ake haƙuri da na farkon.

Shi ne auta a gidansu. Mahaifiyarsu ta rasu yana ƙarami, yayarsa ce ta riƙe shi, kuma a gindin kekenta ya koyi sana'a, tun yana tsince mata allura har ya fara taka keken da kansa. Har ya yi furfura a gemu ba ta daina ce masa Auta ba. Bai yi aure da wuri ba, da ya tashi kuwa sai ya auri malamar firamare, mace mai tsari wadda ko cokali ta san inda yake kwana. Shi ma Malama yake ce mata, kamar ɗalibanta.

Sun ɗan jima kafin Allah ya ba su haihuwa. Da 'yar ta zo, sai Tela ya rasa inda zai sa kansa don murna, ya huce a kan keke. Duk guntun leshin da ya rage, duk wani yadi mai walƙiya, sai ya zama riga: mai tattara, mai duwatsu a wuya, mai hannu kamar fuka-fuki. In an zaunar da ita a bakin shago, mata sai sun tsaya. Daga nan aka sa mata 'Yar-Tsana, sunan ya bi ta har ya danne na yanka.

Bayan yaye ne abin ya fara. Kumatunta suka yi ja, suka bushe, suna ɗan farin garje. Aka ce ƙurajen zafi ne. Sai ya sauko wuya, ya shiga lanƙwasar hannu, ya koma bayan gwiwa. Yarinya ta kama susa ba ji ba gani. In an riƙe mata hannu sai ta goga wuyanta a kafaɗa, in an goya ta sai ta goga fuska a bayan uwar. Zanin gadonta kullum da ɗige-ɗigen jini. Tana cikin koyon magana a lokacin, kuma bayan "Baba" da "ruwa", kalmar da ta fi zama a bakinta ita ce "sosa". Sai ta miƙo masa hannu ta ce, "Baba, sosa." Duk ranar da ta faɗi haka da safe, ɗinkin ranar ba ya yin kyau, sai ya warware shi.

Asibiti suka fara zuwa. Likita ta ce kirci ne irin na yara, ta rubuta wani ɗan man magani da man shafawa. Abin ya fara lafawa. Sai wata rana Malama ta dawo daga makaranta fuska ba walwala.

"Baban 'Yar-Tsana, an ce man nan cinye fata yake yi. Wata a ofishinmu ta ce ɗan ƙanwarta har yau fatarsa kamar leda."

"Wace ce ta ce?"

"Mai koyar da lissafi."

"To ita lissafi ta karanta ko fata?"

Ya yi wasa da maganar, amma ta shige shi. Washegari shi da kansa ya tura man maganin bayan kwalaben turare, ba wanda ya sake ɗauko shi. Ba a daɗe ba kirci ya dawo.

Daga nan kowa ya zama likita. Yaya ta zo da ƙullin ganye, a tafasa a yi mata wanka. Aka yi, ruwan ya rina baho, fatar ta ƙara bushewa. Mai bokitai ta ce ƙwai ne da madara, a hana ta. Aka hana, yarinya ta rame, wuyanta ya yi tsawo, susa kuwa tana nan. Mai gyaran waya ya leƙo da wayarsa a hannu, yana nuna masa wani bidiyo.

"Maƙwabci, zo ka ga wannan. Lemon tsami kawai, ka ga yadda ƙafar mutumin nan ta koma?"

Tela ya gwada a ɗan wuri kaɗan a bayan gwiwarta. Ƙarar da ta ƙwalla sai da mai bokitai ta shigo a guje ba takalmi. Ya rungume 'yarsa yana wanke wurin, yana ba ta haƙuri, idonsa ya kawo ruwa. Mai gyaran waya ya yi mako yana zagayawa ta bayan layi don kada su haɗu.

Abin da ya fi yi masa ciwo a tsakar gidan hayarsu ya faru. 'Yar-Tsana ta tafi da gudu wurin yaran maƙwabta suna wasa da murafen kwalba, sai uwarsu ta fito ta janye nata, tana murmushin yaƙe.

"Ku zo ku ci abinci," in ji ta, alhali ko tukunya ba ta ɗora ba.

Yarinyar ta tsaya ita kaɗai da murfi a hannu, tana sosa wuya. Tela yana kallo ta taga. Ya fita ya ɗauko ta.

Ana cikin haka wata mai kawo masa ɗinki ta ga yarinyar, ta riƙe baki.

"Haba Tela, kana da wannan ba ka faɗa ba? Akwai wani haɗi, ganye ne zalla, ba ruwansa da sinadarin asibiti."

Ta kawo masa 'yar kwalba ba rubutu a jikinta, man ciki fari, yana ƙamshin na'ana'a. Suka shafa. Kafin mako ya zagayo fatar ta yi sumul kamar ba a taɓa yin komai ba. Malama har da hawayen murna. Tela ya ɗinka wa matar riga kyauta, kuma a karon farko a tarihin shagon ya gama kafin ranar alkawari. Suka yi ta shafawa safe da yamma, har fuska, kwalba na ƙarewa ana kawo wata.

Sai matar ta yi tafiya, man ya yanke. Abin da ya biyo baya ya fi na da muni nesa ba kusa ba. Wuraren suka yi jawur, suka fara tsattsafo da ruwa, suka yi ɓawo ruwan ɗorawa. Jikinta ya yi zafi, ta ƙi abinci, ko susar ma ta kasa, sai kuka ƙasa-ƙasa. Da safe Malama ta aika makaranta cewa ba za ta zo ba. Tela ya rufe shago, ya zuba duk abin da suka taɓa shafa mata a leda, suka nufi asibiti.

Likitar nan ce dai. Tela ya shiga yana sunkuyar da kai, ya shirya shan faɗa. Ta duba yarinyar a hankali, tana yi mata wasa, sannan ta ce a zazzage ledar a kan tebur. Ga ganyen Yaya, ga kwalabe, ga sabulai, ga man da ita ta rubuta, ko rabi ba a yi ba. Ta ɗaga shi ta dube su.

"Tsoro muka ji, Likita," in ji Malama. "An ce yana cinye fata."

"Da ni ma na yi muku bayani sosai tun farko," in ji likita. "In aka yi ta shafa mai ƙarfi ba ƙa'ida, yana iya yi. Wannan mara ƙarfi ne, kuma na ɗan lokaci ne, a inda ya tashi kawai." Ta ɗauki kwalbar da ba rubutu, ta shinshina. "Wannan kuwa ban san abin da ke ciki ba, ku ma ba ku sani ba. Amma abin da zai share kirci da sauri haka, ya dawo da shi ninki in an daina, ina zargin an zuba masa irin maganin da kuke gudu, mai ƙarfin gaske. Kada a sake shafa mata."

Tela ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ranki ya daɗe, mun cuce ta ke nan?"

"Ba ku cuce ta ba, Malam. Ƙwayar cuta ce ta shiga inda ta sosa, za mu ba da magani, za ta warke. Ku saurare ni da kyau. Ba ƙazanta ba ce. Ba a ɗauka, ko kwano ɗaya suke ci da wasu yaran. Fatarta ce ba ta riƙe laima, sai an taimaka mata. Zai riƙa tafiya yana dawowa, kuma yara da yawa yana raguwa in suna girma."

Tela ya ɗago kai. Ya sa ta maimaita masa cewa ba a ɗauka, ta maimaita.

Ba ta watsar da komai na gida ba. Ta ware man kwakwa da Yaya ta kawo, ta ce in an gwada a ɗan wuri bai tayar mata ba, a haɗa da man shafawa. Ta ce a mayar mata da ƙwai da madara, tunda ba a taɓa ganin sun tayar mata da wani abu ba. Wanka gajere da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ban da sabulu mai ƙamshi, a danna tawul kada a goga, a shafe ta da mai tun jikin bai bushe ba. A yanke farce. Sannan ta kai hannu wuyan rigar yarinyar, ta shafa duwatsun da leshin da ya sha sitati.

"Wa ya ɗinka wannan?"

Duk da halin da ake ciki, sai da Tela ya ɗan gyara zama. "Ni ne, ranki ya daɗe."

"Ta yi kyau ƙwarai. A cire mata."

Malama ta kawar da kai tana danne dariya, dariyarta ta farko a cikin makonni.

Auduga zalla likita ta ce, mai laushi, sakakkiya, kuma ko ɗinkin ciki yana iya gurzar fata. Tela ya koma shago ya zauna yana kallon keke. Ya sayo farin yadin auduga, ya wanke shi har ya yi luɓus, ya yanka riga ba wuya ba roba ba zif. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara taka keke: ya juyar da ɗinkin waje, duk haɗin da kalmasar suna kallon jama'a, cikin kuwa sumul. Rigar barci ya tsawaita mata hannu ya rufe bakin, ko ta kai hannu wuya sai dai ta shafa.

Yaya ta zo ta ɗaga rigar da yatsa biyu.

"Auta, ni na koya maka wannan? Yarinya ta fita a ce ubanta tela ne, riga a baibai?"

"Yaya, taɓa cikin ki ji."

Ta sa hannu ta shafa. Can ta ce, "Kalmasar hannun ta yi kauri. Matsa." Ta ture shi daga kan keke ta zauna, ta warware, ta sake. Tun daga ranar ta ɗauki shafa man rana a matsayin aikinta, tunda Malama tana makaranta. Takan zo ta shafe yarinyar tun daga goshi har tafin ƙafa tana yi mata waƙa, har sai ta yi sheƙi kamar sabuwar randa.

Sauƙin a hankali ya zo. Ɓawon ya faɗi, jan ya dushe, kumatu suka ciko. Zanin gado ya koma fari. Maƙwabciyar nan Malama ce ta same ta har ɗaki ta yi mata bayani, ba faɗa ba gori, da yamma sai ga yaran sun zo ƙofa suna kiran 'Yar-Tsana ta fito. Kircin bai tafi gaba ɗaya ba. In gari ya bushe ko ta yi gumi da yawa, bayan gwiwar yakan yi ja. Amma yanzu ba mai rikicewa. Malama ta ɗauko man asibiti ta shafa yadda aka ce, a ƙara yawan man shafawa, kwana kaɗan ya kwanta. Masu kawo shawara ba su daina ba, Tela yakan saurare su har ƙarshe ya ce, "Madalla, zan tambayi likita," ya ci gaba da taka kekensa.

Wata ranar Asabar Yaya ta gama shafe ta a shago, yarinyar ta zille daga hannunta kamar tarwaɗa, ta ruga ta dafa teburin yanka. A kan teburin kuwa akwai farin yadin wani dattijo, direban babbar mota, da ya kawo a yi masa riga, yana ma zaune yana jiran a gwada shi. Da ta ɗaga hannu, ga shatin 'yan yatsu biyar na maiƙo a tsakiyar yadin, ɓaro-ɓaro.

Tela ya dafe kai. "Baba, ka yi haƙuri, wallahi zan sayo maka wani."

Dattijon ya sa tabarau ya duba shatin, ya dubi yarinyar da ta laɓe bayan ƙafar ubanta tana leƙe tana dariya.

"Wannan ce mai ciwon nan da na gani kwanaki? Kai, masha Allah, ta yi fes." Ya tura masa yadin. "Yanka abinka haka. Ka sa wurin ya faɗa cikin aljihu."

Tela ya ɗauki alli ya zagaye shatin, ya rataya tef a wuya, ya ce wa dattijon ya miƙe ya ɗaga hannu.