Hayaƙin Gahawar Kakata

Jiya maƙwabcinmu a Gaya ya dawo daga tafiya da ɗanyar gahawar Habasha. Ƙamshin suyarta na shigowa gidanmu, kakata ta faɗo mini a rai.

Takan ce a duwatsun da gajimare ke kwana gahawar nan take fitowa. A tsinko 'ya'yan jajur, a shanya su da ɓawonsu har zaƙin ya ratsa ƙwayar. In ta soya, sai ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin kafin a daka.

Da tsufa ya yi nisa, ta daina gane mu, har ni da na girma a ɗakinta. Wata la'asar na soya ragowar gahawarta, na kai kaskon gabanta. Ta lumshe ido, ta jawo hayaƙin da tafin hannu.

"Angona," ta ce, yadda take tsokanata tun ina yaro, "wannan fa ba gyaɗar Ajingi ba ce. Ka ƙona mini ita."

Ban sake jin ta kira ni ba.

Kaka, Allah Ya shayar da ke abin da ya fi gahawar nan daɗi, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.