Baba Choji, Mai Cire wa Bindiga Allura

Da ya idar da addu'ar safe, Baba Choji sai ya wuce garejin gidansa a garin McLeansville na Amurka, ya ɗauki tsumma da mai, ya hau goge gajerun bindigogin soja na yaƙin duniya na biyu. Mutanenmu 'yan Najeriya da ke nan ba su bar shi ya huta ba: dattijo guda, tsohon ɗan sanda daga Jos, ya rasa abin tarawa sai bindiga!

Masu surutun ba su taɓa shiga garejin ba. Duk bindigar da ya sayo, kafin ya rataye ta sai ya cire allurar da ke tayar da harsashi, ya jefa a gwangwanin madara. Ya fara wannan aiki ne bayan 'yan fashi sun harbe ɗansa Nanven a gidan man da yake aiki a titin Gate City Boulevard.

Alhaji Rilwanu, maƙwabcinsa, ya ba ni labarin ranar da ya kai masa samarin unguwa. Baba ya nuna musu tambarin da ke jikin ƙarfen wata bindiga.

"Kun ga wannan? Da yaƙi ya ƙare, 'yan sandan ƙauye aka ba wa ita a Jamus. Ta koma gadin masu barci. Yanzu kuma ta yi ritaya a hannuna, ba uwar da za ta ƙara sa wa kuka."



Bana idanun Baba sun mutu, kuma abin ya taɓa ni ƙwarai. Wani dillalin bindigogi ya yi ta zarya, yana so ya saye su ya mayar da alluran. 'Yarsa Serah ta ce, "Daddy, ka sayar mana ka huta, please." Bai yi musu ba. Ya kamo yatsanta ya ɗora a kan tambarin, ya ce ta karanta masa.

Kai ne uban da ya binne ɗa bai nemi fansa ba, Baba. Mun gode. Masu baƙin ciki irin naka su zo su ga inda ka kai naka.

Jiya na wuce na tarar da Serah da tsumma a hannu, tana goge bindigogin. Gwangwanin kuwa yana kan cinyarka, ka riƙe shi gam.